Farfelar alminiyam ko ta sitenles, wacce ta fi jure ruwan gishiri?

ɗan_Yawuri:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar injin jirgin ruwa ku taimaka min da shawara kafin in sa maigidana ya zuba kuɗi inda ba za a ga amfaninsu ba. Ni mutumin Yawuri ne, na taso ina tuƙa jirgi tsakanin Yawuri da garuruwan bakin tafkin Kainji, to yanzu neman abinci ya kawo ni Legas, ina jan jirgin faiba daga jetin Liverpool da ke Apapa zuwa Sagbokoji da Igbologun, in an samu shata har Ibeshe muna zuwa, fasinja da kaya duk muna ɗauka. Injin Yamaha Enduro ne mai doki 40.

Abin da ya dame ni farfela ce. A can gida farfelar alminiyam ɗaya sai ta yi shekaru tana aiki, in dai ba ka hau kututture ba ko dutse babu abin da zai same ta, fentin ma da ƙyar yake fita. Amma nan tun da munka saka sabuwa ba a cika shekara ba fentin ya ɓare daga bakin kunnuwan, wani farin gari yana fitowa a jikinta, in ka kankare da wuƙa sai ka ga ƙananan ramuka a ƙarƙashi, bakin kunne ɗaya har ya fara giɓi-giɓi, kuma jirgin ba ya tashi da lodi yadda ya saba, injin na ta kuka amma tafiyar ba ta kai kukan ba. Ran nan da munka zo cire ta don mu duba sai ta ƙi fita daga shaf, sai da anka sa katako da guduma anka sha wahala sannan ta saki.

Mai sayar da kayan inji ya ce in daina wahalar da kaina in sayi ta sitenles, wai ita gishiri ba ya cin ta har abada. To kuɗin da ya faɗa min zai sayi ta alminiyam uku har da canji. Wasu direbobi a jeti sunka ce gaskiya ne ta fi ƙarko kuma tana ƙara gudu, wasu kuma sunka ce kar in kuskura, ita ke kashe giyabos. Ni dai kaina ya ɗaure. Shin da gaske ne sitenles ba ta tsatsa a ruwan teku? Kuma in na saka ta a ƙaramin inji irin nawa riba zan ci ko asara? Jirgin a ruwa yake kwana, akwai mai gadi, ba ma cire injin. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Bakanike_Ijora:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ni aikina kenan gyaran irin waɗannan injuna, kuma tun kafin ka gama bayani na gane inda matsalarka take, wannan maganar da ka yi a ƙarshe ta cewa jirgin a ruwa yake kwana ita ce rabin amsar. Tambaya ɗaya zan maka, in kun ɗaure jirgi da dare kuna ɗaga ƙafar injin sama ta fita daga ruwa ko kuwa a tsome kuke barinta? Don in a tsome take kwana to ko wace irin farfela ka saya akwai abin da gishiri zai ci, sai dai ka zaɓi wanda zai ci.

Bari in maka dalla-dalla. Ka taɓa fasa tsohon batirin tocila? Gwangwanin waje ya cinye ya huhhuje, amma baƙin sandan nan na tsakiya yana nan lafiya lau. To haka ƙarfe biyu mabambanta suke yi in suna taɓa juna a cikin ruwan gishiri, wuta ƴar kaɗan tana gudana tsakaninsu dare da rana, mai rauni a cikinsu shi ke narkewa, mai ƙarfin yana zaune. A injinka shaf ɗin da farfela ke hawa kai sitenles ne tun daga kamfani, farfelar kuma alminiyam, kaga an haɗu kenan. A ruwan daɗi irin na Kainji wutar ba ta samun hanya sosai shi ya sa kuke shekaru ba ku ga komai ba, amma Apapa bakin teku ne, da rani gishirin wajen ba shi da nisa da na teku. Farin garin da ka gani alminiyam ne da ya ci, kuma shi ne ya cika haƙoran shaf ya riƙe farfelar har sai da kuka sa guduma.

Yanzu ka ɗauka ka cire ta ka saka sitenles. Ita kam ba za ta yi wannan garin ba, wannan gaskiyar mai kaya ce. Amma ka tambayi kanka, kwankon giyabos ɗin da me aka yi shi? Alminiyam ne, ƙafar injin gaba ɗaya alminiyam ce. Da can ɗan guntun shaf ne kawai ke ja, yanzu ka kawo ƙaton faifan sitenles ka ɗaura a gindinsa, duk jan zai koma kan kwankon, duk inda fenti ya ɗan ɓare nan zai fara ci, wajen sukurorin man giya, bakin mazaunin boris, ƙasan wutsiyar nan da ke gogar yashi. Wallahi na sha karɓar injin da farfelarsa ke ƙyalli kamar yau aka saye ta, amma mazaunin boris ya haɗe da kwanko ba ya fita sai da wuta, wani ma sai an fasa. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan, don kuɗin ƙafar inji ba a haɗa shi da na farfela.

Maganin wannan kamfani ya riga ya saka maka shi, mutane ne ba sa kula. Ka duba saman farfela daidai, ƙarƙashin faffaɗan farantin nan, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da wutsiyar kifi ruwan toka, direbobi suna ɗauka na saita sitiyari ne kawai, e yana wannan aikin amma babban aikinsa shi ne a cinye shi a madadin injin. Zinki muke ce masa. Injuna da yawa suna da wani kuma a jikin biraket inda inji ke kama jirgi. Ƙa'idarsa in ya ci rabi a canja, ba a shafa masa fenti, ba a shafa masa giris, kuma inda ya zauna dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe, in datti ya shiga tsakani ya tashi daga aiki. In ka ga zinki ya daɗe a ruwan gishiri yana nan sumul bai ci ba to kar ka yi murna, alama ce wani abu daban ake ci.

Sai maganar karo, wadda ita ce ta fi damuna da hanyarka. Kai ka san abin da ke cikin ruwan nan tsakanin Liverpool da Igbologun, katako, tsofaffin tayoyi, igiyoyin manyan jirage, buhuna, ƙarafan jiragen da suka nutse, in ruwa ya janye kuma ga tudun yashi. Alminiyam in ta daki abu kunnen ne ke lanƙwashewa ko ya karye, ka yi asarar farfela ka koma gida. Sitenles ba ta yarda ta karye da sauƙi, to ƙarfin dukan ina zai je? Akwai roba a cikin cibiyar farfela da aka yi don ta zame in an yi karo, tana taimakawa, amma ba kullum take ceto ba, in dukan ya yi tsanani shaf ke lanƙwashewa ko haƙorin giya ya fita. Shi ya sa ni a doki 40, a wannan hanyar, da lodi, shawarata ka zauna a kan alminiyam mai kyau, ka sayi biyu ɗaya tana ƙarƙashin benci da noti da fin da sifana, ka canja zinki, ka riƙa ɗaga ƙafar inji duk dare. Gudun da ake ce maka za ta ƙara, a manyan injuna ne ake ganinsa sosai, doki 150 zuwa sama, a naka in ma ya ƙaru kaɗan ne ba zai biya kuɗin ba.

AbuHamza_PortSudan:

Salam ya jama'a. Usta, wato Bakanike na Ijora, ya yi magana mai kyau kuma ban ƙi ko ɗaya a bayanin zinki ba, amma ina so in kawo ɗaya gefen don kar ɗan'uwanmu ya tafi da tunanin cewa sitenles abin gudu ce. Ni a Port Sudan nake, iyayenmu daga ƙasar Hausa suka zo kan hanyar aikin hajji suka zauna, ni kuma kamun kifi nake a Bahar Maliya da jirgin faiba. Ruwanmu ya fi naku gishiri nesa ba kusa ba, teku gaba ɗaya ana lissafin gishiri giram 35 a lita ɗaya, namu yana kai 40, saboda babu wani kogi da ke zuba a cikinsa duk shekara ga rana tana ƙona ruwan, kuma da zafi ruwan kansa ɗumi yake yi, shi kuma ɗumi yana ƙara wa cin ƙarfe sauri. To a irin wannan ruwan na yi aiki da duka biyun.

Alminiyam a wajenmu in fentinta ya tafi to kwananta ya fara ƙarewa, kunnuwan suna sirancewa a hankali ba ka lura, sai wata rana ka ga man da ke kai ka wajen kamu ya dawo da kai yanzu ba ya isa, ka yi ta zargin kafireto da fulogi alhali farfela ce ta rage faɗi. Kuma ko tana sabuwa in ka ɗora lodin ƙanƙara da kifi ka buɗe wuta kunnuwanta suna ɗan lanƙwasawa a cikin ruwa, ba ka gani da ido amma ƙarfin inji yana zubewa a nan. Sitenles saboda ƙarfinta ana yin kunnuwanta sirara kuma ba sa motsi, tana kama ruwa da kyau musamman in teku ta tashi jirgi yana hawa yana sauka. Tawa ta daɗe a jikin inji, na canja zinki ban san iyaka ba, ita kuwa ban da gogewa babu abin da na taɓa yi mata, kuma ƙafar injina lafiyarta ƙalau domin ba na wasa da wanki, duk dawowa sai na tsoma ƙafar a durom na ruwan daɗi na tayar da inji ya zagaya na ɗan lokaci, ruwan ya rufe farantin saman farfela, kar ka taɓa tayar da shi a bushe ko na minti ɗaya robar famfon ruwa za ta ƙone.

Amma fa ka lura da bambancina da kai, ni in na fita tashar na wuce duwatsun murjani to zurfi ne, babu abin da zan daka. Murjanin nan kuwa ba abin wasa ba ne, shi ne ma ya cike hanyar shiga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Suwakin har manyan jirage suka kasa, Turawa suka gina Port Sudan a farkon shekarun 1900 suka mayar da tasha can. Masu kamu a cikin murjani kusa da gaɓa yawancinsu alminiyam suke sakawa, da dalilin da Usta ya faɗa, gara kunne ya tafi da shaf ya tafi kana tsakiyar ruwa. Ni kaina ta alminiyam tana cikin akwati a matsayin sifiya.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba, sata. Farfelar sitenles noti ɗaya da fin ɗaya ke riƙe da ita, kuma in ka ɗaga ƙafar inji da dare ƙyallinta daga nesa ake hangowa. In ka saya sai dai ka riƙa cire ta kana tafiya da ita ɗaki, wanda ma alheri ne don ba za ta taɓa kamewa a shaf ba.

Injiniya_Hauwa:

Sannunku da aiki iyayen gida. Ni ba direbar jirgi ba ce, harkar ƙarafa na karanta kuma ina aiki a inda ake duba bututu da tankuna a Fatakwal, amma maganar mai kayan nan ta cewa gishiri ba ya cin sitenles har abada ita ce ta sa na kasa shiru, don ba haka ba ne, kuma an cuci mutane da yawa da ita.

Sitenles ƙarfe ne na yau da kullum da aka haɗa da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam ɗin in ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani a saman ƙarfen, ita ke kare shi, in an karce ta sai ta sake yin kanta muddin akwai iska. To matsalar tana inda iska ba ta kaiwa, ƙarƙashin wosha, cikin haƙoran shaf, ƙarƙashin ƙananan kwansunan nan da ke mannewa a jikin jirgi in ya daɗe a ruwa, ko in farfela ta kwana a nutse cikin taɓo. A nan gishiri yana fasa fatar kuma ba ta samun gyara kanta, sai rami ya fara, bakinsa ƙarami cikinsa faɗi, daga waje ba ka ganin komai. Ruwan wajajen Apapa kuma ga datti ga taɓo mai wari, irin wanda ba shi da iska sosai, don haka farfelar da ke aiki kullum tana juyawa ta fi wadda aka ajiye jirginta wata da watanni a ruwa lafiya.

Kuma sitenles iri-iri ce. Ta cokula da tukwane yawanci 304 ce, ba ta son gishiri. Wadda ake kira ta teku 316 ce, an ƙara mata molibdinam kashi 2 zuwa 3. Farfela kuma sau da yawa ba ma da waɗannan ake yi ba, ana zaɓar wani haɗin da ya fi tauri don kunnuwa su jure, shi ya sa za ka ga farfela ta asali mai tsada ta yi ɗan jan tabo a sama, wannan ana gogewa ya fita ba komai ba ne. Don haka gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa, wai in ya kama jabu ce in bai kama ba ta gaske ce, ba ya nuna komai a farfela, akwai ta asali da yawa da maganaɗisu ke kamawa. Abin dubawa lambar da aka buga a jikinta da kyan zubin da kuma amanar wanda ka saya a hannunsa. Nauyi dai ba ya ƙarya wajen bambance ta da alminiyam, ƙarfe ya kusa ninka alminiyam uku a nauyi in girmansu ɗaya.

Sai in ƙara a kan maganar zinki da Malam Bakanike ya yi. Dabarar tsohuwa ce, tun 1824 Humphry Davy ya gwada ta a jiragen yaƙin ruwan Ingila, ya manna guntayen zinki da baƙin ƙarfe don su kare jan ƙarfen da aka lulluɓe gindin jiragen da shi. Yau iri uku ake sayarwa kuma kowanne da ruwansa. Na magniziyam na ruwan daɗi ne kawai, in ka kawo shi teku narkewa zai yi nan da nan har ya iya tayar da fenti. Na zinki na ruwan gishiri ne, amma in ya zauna a ruwan daɗi sai ya yi wani farin ɓawo mai tauri ya daina aiki, ko an dawo da shi gishiri ba ya farfaɗowa sai an kankare. Na ukun na alminiyam ne da aka haɗa da zinki da ɗan indiyam, kar sunan ya ruɗe ka, an haɗa shi ne yadda zai riga alminiyam ɗin inji narkewa, kuma yana aiki a gishiri da ruwan zartsi duka. Na kawo wannan ne saboda ruwan Legas ba iri ɗaya ba ne duk shekara, da damina kogin Ogun da sauran koguna suna turo ruwan daɗi gishiri ya yi ƙasa sosai, lokacin ne ma kainuwa ke rufe hanya, da rani teku ta turo gishiri ya dawo ta mutu. Wanda ke irin wannan ruwan na ukun ya fi dacewa da shi in ya samu na injinsa, in bai samu ba ya riƙa goge zinkin da takardar yashi, ba da burushin waya na ƙarfe ba.

Na ƙarshe don Allah, fentin gindin jirgi da ake shafawa don hana kwansuna mannewa, yawancinsa akwai jan ƙarfe a ciki, kar a shafa shi a farfelar alminiyam ko a ƙafar inji, cinye su zai yi.

ɗan_Yawuri:

Kai jama'a Allah Ya biya ku, wallahi na ƙaru. Oga Bakanike gaskiyarka, a tsome take kwana, yaran jeti sun ce in an ɗaga jiragen da ke gefe suna bugun ta shi ya sa kowa ke bari a ƙasa. Yau da safe na duba wutsiyar kifin da ka ce, tana nan ba ta ci ko kaɗan ba, ashe wanda ya riƙe injin kafin ni da ya sa anka yi wa ƙafar fenti har da ita anka shafe, launi ɗaya da jikin inji. Na kankare da wuƙa sai ga ruwan tokar ya fito. Kuma da na cire farfelar na samu zaren koma ya naɗe a bayan wosha ya narke ya zama kamar zobe, na ciccire shi. Hajiya Injiniya na gode da maganar maganaɗisu don da shi mai kayan ya so ya gamsar da ni. Yanzu tambayata biyu, wannan tsohuwar in kai wa masu walda su cike giɓin ko in haƙura da ita? Sannan a jikinta an rubuta 11 1/8 x 13 G, in zan sayi sabuwa dole sai irin lambar ko akwai wadda ta fi jan lodi?

Sofo_Sekondi:

Salamu alaikum, ina gaishe ku daga Gana. Ni ina sayar da kayan inji ma masunta a nan gaɓar Sekondi da Elmina, kuma doki 40 shi ne injin da kusan kowane babban kwale-kwale ke amfani da shi a nan, a gefen jirgi ake ɗaura shi ba a baya ba. Teku ce sosai ba wani gauraye, amma da wuya ka ga masunci ya sayi sitenles, kuma ba gishiri ke kashe musu farfela ba, yashi ne. Wanda ke fita daga rairayi yana dawowa kan rairayi kullum farfela tana niƙa yashi, fenti ya tafi, baki ya dakushe. Su kuma in sun dawo da yawansu cire injin suke yi, yaro ya saɓa a kafaɗa a kai gida, kaga gishiri bai samu daren da zai yi aikinsa ba. Don haka abin da Usta ya ce a ɗaga ƙafa shi ne maganar, in kana tsoron bugu ka rataya tsohuwar taya ko ka canja yadda kake ɗaure jirgin.

Maganar walda, ana yi, masu waldar agon suna cike kunne su goge ya yi kyau a ido. Amma wadda gishiri ya riga ya huhhuje ba ta kama walda da kyau, datti na cikin ramukan, kuma alminiyam duk inda wuta ta taɓa ya rage ƙarfi, gefen waldar ne ke karyewa gaba. Ga kuma awo, in kunne ɗaya ya fi sauran nauyi ko kwanciyarsa ta bambanta za ka ji hannun inji na karkarwa, wannan karkarwar boris da sil, wato robar da ke hana ruwa shiga giya, take ci. A nan sitenles ta fi, ita in ta lanƙwashe gwani yana miƙe ta ya cike ta koma kusan yadda take. Taka dai in kunne ɗaya ne ka sa a gyara ka ajiye ta sifiya, kar ka mayar da ita ta aiki. Kuma ka kula da masu arha da ake zubawa da narkakkun tarkacen alminiyam, za ka gane su da kaushin jiki da ƙananan ƙofofi a cikin cibiya inda fenti bai rufe ba, araha ba ta ado, waɗannan ko wata shida ba sa kaiwa a teku.

Bakanike_Ijora:

To alhamdulillahi an gano ɓarawon. Tunda an taɓa shafe zinkin da fenti kar ka tsaya a kankarewa, ka kwance shi gaba ɗaya ka goge mazauninsa har ƙarfe ya fito, amma kafin ka kwance ka yi alama da ƙusa inda wutsiyar ke kallo don ka mayar daidai, in ba haka ba hannun inji zai riƙa jan ka gefe guda.

Zaren komar nan da ka samu shi ya fi tayar min da hankali fiye da farfelar. Bayan woshar akwai sil ɗin da ke hana ruwa shiga giya, zaren yana yanka shi. Yau ɗin nan kafin ka ɗauki fasinja ka tsayar da inji a miƙe, ka kwance sukurun ƙasa na man giya ka tara a wani abu, in man ya fito fari-fari kamar an dama da madara ko ruwa ya riga fitowa, to gishiri ya shiga, ka kawo a canja sil kafin boris su tafi. In lafiya yake ka zuba sabo lamba 90, daga ramin ƙasa ake turawa har ya fito ta na sama, ka rufe na sama tukun sannan na ƙasa, da sababbin wosha. Ana canja shi duk awa 100 na aiki ko wata shida. Shaf ɗin kuma ka wanke haƙoransa ka shafa giris mai jure ruwa, duk wata ka cire farfela ka sake shafawa, fin sabo na sitenles kowane lokaci, kar a sa ƙusa ko waya.

Lambar kuma, 11 1/8 faɗinta ne a inci, 13 inci nawa take tafiya gaba a juyi ɗaya, G kuma gidan da ke shiga shaf ɗin injinka, wannan harafin kar ya canja. Injinka an yi shi ya juya tsakanin 4500 da 5500 a minti in an buɗe wuta duka, kuma duk inci ɗaya da ka rage a lambar tsakiya juyin yana ƙaruwa da kamar 150 zuwa 200. Tunda lodi kake ɗauka kullum ka nemi 11 5/8 x 11 G ko mai 12, za ka rasa ɗan gudu in jirgi ba kowa amma zai tashi da kaya ba tare da inji ya wahala ba. Sai dai kukan da ka ce yana yi tafiya ba ta kai ba, wannan zai iya zama robar cibiya ce ta fara zamewa, ka ja layi da fenti daga noti zuwa jikin farfelar, ka yi sawu ɗaya da lodi ka dawo ka duba, in layin ya rabu biyu to robar ta tafi, ko sifiya ba za ta yi ba sai an matsa mata sabuwa. Ka gwada ka faɗa mana abin da ka gani, da launin man giyar.